Faifan Super Fly na Curtis Mayfield: yaƙi ya yi da ƙwaya ko talla ya taya ta?

Sadiq T/Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaran jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi babanmu saboda za a gyara rufi kafin damina sai na ci karo da wani kwali cike da faya-fayan garmaho, wasu zafi ya lanƙwasa su wasu kuma lafiyarsu ƙalau. A ciki akwai wani da aka rubuta Super Fly, Curtis Mayfield, 1972. Ba mu da abin kunnawa, sai na nemo shi a YouTube na sa a kunne, wlh tun daga ranar ban saurari wani abu ba, waƙa tara ce kacal amma na maimaita ta ya fi sau goma. Daga nan na je na kalli fim ɗin da aka yi waƙoƙin dominsa, toh a nan ne kaina ya ɗaure. Fim ɗin labarin dilan hodar iblis ne a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York, ga kwalliya ga mota ga mata, har ka ji kana so ya tsira. Waƙoƙin kuma kamar wa'azi suke a kan abin da fim ɗin yake ƙawatawa. Manyanmu da suka san zamanin, don Allah yaya abin yake? Shi mawaƙin yana tare da fim ɗin ne ko faɗa yake da shi?

Kawu Bala:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka ɗana, Ya kai haske kabarinsa. Ka tuna min da nisa. Ni a Jos na fara jin faifan nan a ɗakin wani abokina da yayansa ke aikin jirgin ƙasa, muna samari, wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, gashi a taje ya yi tsiri. Fim ɗin kuwa ban gan shi ba sai bayan shekaru da yawa da bidiyo ya shigo. Saboda haka mu waƙar muka sani, kuma mu ɗin ma ba duka Turancin muke kamawa ba don Turancin titi ne na baƙaƙen Amurka. Abin da ya fara kama mu shi ne muryar. Lokacin kowa James Brown yake so, ihu da gumi da tsalle, sai ga wani yana waƙa da siririyar murya can sama, a hankali kamar mai lallashin yaro, amma gangar da ke ƙasansa ba ta barin ƙafarka ta zauna. Ka adana kwalin nan, kar ka bari a jibge shi a rana.

Sadiq T/Wada:
Amin Kawu na gode. Na mayar da su ɗakin Hajiya, a tsaye na jera su.

Habu Mai Jita:
Yawwa Sadiq gara da ka jera su a tsaye, kwanciya ce ke lanƙwasa su. Amsar tambayarka a ganina faɗa yake da fim ɗin, kuma da gangan. Ka duba waye Curtis kafin 1972. An haife shi a Chicago a 1942, ya taso a gidajen talakawa na Cabrini-Green, waƙar coci ya fara, sannan ya shiga ƙungiyar Impressions. Shi ya rubuta Keep On Pushing a 1964 da People Get Ready a 1965, waƙoƙin da masu gwagwarmayar 'yancin baƙar fata suke rerawa a zamanin Martin Luther King. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cewa mutanensa su tashi su miƙe ba zai wayi gari yana yi wa hodar iblis kirari ba. Da aka ba shi labarin fim ɗin, bai tsaya kan jarumin kaɗai ba, sai ya ɗauko wani ɗan ƙaramin yaron dila mai suna Freddie, wanda a fim ɗin 'yan sanda suka matse shi ya yi magana sannan mota ta kaɗe shi ya mutu, babu wanda ya wani damu. Shi Curtis a kan wannan bawan Allah ya yi waƙar da ta fi kowacce fita a faifan, Freddie's Dead. Wato wanda fim ya yar a kwata shi ya ɗauko ya ce ku tsaya ku dubi wannan, mutum ne, yana da mata, an yi amfani da shi an jefar.

Maman Ilham:
Ni fa ban yarda da ku gaba ɗaya ba, ku yi haƙuri. Na san faifan, maigidana yana da shi a mota. Daɗi kam akwai daɗi ba musu. Amma ku gaya min gsky, yaro ɗan shekara sha bakwai da ya shiga silima a Harlem a 1972, me ya fita da shi a kansa? Baitin da ke cewa ƙwaya halaka ce, ko kuwa jarumin fim ɗin Ron O'Neal cikin doguwar kwat da hula yana tuƙa Cadillac Eldorado, da ɗan cokalin shaƙar hoda rataye a wuyansa kamar abin ado? Ido ya fi kunne saurin ɗauka. Kuma kiɗan ne ma ya ƙara wa mutumin kwarjini, ku cire kiɗan ku kalli fim ɗin ku gani ko zai burge ku haka. Akwai wurin da aka jera hotuna ana nuna yadda hodar ke bin gari, ma'aikata da masu kuɗi da talakawa kowa na shaƙa yana murmushi, ga waƙar Pusherman ta cikin faifan tana tashi a ƙasa. In wannan ba talla ba ce to mece ce?

Habu Mai Jita:
Anti wannan wurin da kika faɗa gaskiya ne, ba zan kare shi ba. Amma ki saurari Pusherman ɗin da kyau. Ya ari bakin dila ne yana magana, yana cewa shi ne uwarka shi ne ubanka shi ne likitanka, duk abin da ka rasa shi ne. Wannan ai ba yabo ba ne, tona asiri ne, yana nuna miki yadda dila ke shiga gurbin duk wanda ya kamata ya riƙe yaro amma bai riƙe shi ba. Kuma a cikin waƙar dilan da kansa yana cewa halin rayuwa ne ya jefa shi, shi ma a tarko yake.

Maman Ilham:
Habu kai mawaƙi ne, kana zama ka feɗe baiti. Yaran da nake koyarwa ba haka suke jin waƙa ba, amshi suke kamawa su yi ta maimaitawa. Ina da ƙane da muka rasa ta hanyar shaye-shaye, ba hodar iblis ba, maganin tari da ƙwayoyi, tun kafin gwamnati ta hana kodin a 2018. Yaro ne mai hankali mai kunya. Abin da ya ja shi ba wai bai san illa ba ne, ya sani sarai, ya ga waɗanda ke harkar ne su ake kallo a unguwa su ke da sabon mashin su 'yan mata ke gaisarwa. Shi ya sa duk abin da zai sa dila ya yi kyau a ido, ko da wa'azi aka naɗe shi, gabana faɗuwa yake.

Kawu Bala:
Allah Ya jiƙansa Ya ba ku haƙuri 'yata. Maganarki ba ta faɗi ƙasa ba, kuma ba ke kika fara ta ba. Tun a shekarar da fim ɗin ya fito manyan baƙaƙen fata na can suka tayar da ƙura. Kalmar nan da ake kiran irin waɗannan finafinan da ita, blaxploitation, wani shugaban reshen Hollywood na ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP mai suna Junius Griffin ne ya ƙirƙiro ta a 1972, ma'anarta ana ci da gumin baƙar fata ana sayar musu da hotonsu mafi muni. Wasu kuma suka ce a'a, wannan ne karon farko da baƙin mutum ke zuwa silima ya ga ɗan uwansa ya yi nasara a kan ɗan sanda farar fata bai mutu a ƙarshe ba. Duka biyun suna da abin faɗa.

Malam Nura:
Ni na kalli fim ɗin sau biyu kuma ina ga ana yi masa rashin adalci kaɗan. Labarin fa na mutumin da yake so ya FITA ne. Priest, wato dilan da shi ne jarumin labarin, ya gaji, ya ce zai zuba dala dubu 300 da suka tara shi da abokinsa Eddie su sayi kilo 30 su sayar su sami miliyan ɗaya ya bar harkar har abada. Da ya je sama sai ya tarar ashe masu riƙe da kasuwar manyan 'yan sanda ne farare, kuma ba sa barin mutum ya fita. Tsohon da ya koya masa harkar, Scatter, su suka kashe shi. Eddie kuma ya ce shi ba inda za shi, wannan ce kaɗai hanyar da aka bar musu, har ya ci amanarsa. Toh wannan ai ba labarin jin daɗi ba ne.

Maman Ilham:
Malam, ya fita da kuɗin ko bai fita da su ba? Kilo 30 ɗin nan hancin su wa ta shiga? 'Ya'yan wasu ne fa. Fim ɗin bai nuna mana uwa ko ɗaya tana kuka ba.

Malam Nura:
Ya fita da su Hajiya, wannan kam haka ne. Ba ni da amsa a kan wannan.

Habu Mai Jita:
Toh ai kukan uwar da fim bai nuna ba shi ne ke cikin faifan. Waƙar farko ma, Little Child Runnin' Wild, yaron unguwa ne, uba ya gudu uwa ta gaji, yana tambaya me ya sa aka haife shi cikin wannan hali. Da ita faifan ya buɗe tun kafin ka ji sunan wani jarumi. Sannan akwai Eddie You Should Know Better, gajeruwa ce, kamar babban wa ya zaunar da ƙaninsa yana ce masa iyayenka ba haka suka so maka ba. Sai No Thing On Me inda yake cewa shi hankalinsa a sake yake ba ya buƙatar wani abu ya ɗaga shi. Ni a wurina faifan ya fi fim ɗin faɗin gaskiya nesa ba kusa ba, kuma shi ya fi daɗewa. Yau mutum nawa ne suka kalli fim ɗin? Amma waƙoƙin har gobe ana jinsu.

Bari in ɗan yi maganar kiɗan don shi ne ɓangarena. Curtis shi ya koya wa kansa jita, kuma ba yadda kowa ke ɗaure tsirkiya yake ɗaurewa ba, ya daidaita ta ne da baƙaƙen maɓallan fiyano, shi ya sa in ka ɗauki jitarka ka ce za ka bi shi sai ka ga yatsunka ba sa faɗawa inda nasa ke faɗawa, na sha wahala a kan wannan kafin in gane. Mai bes ɗinsa Joseph Lucky Scott, ku saurari farkon Superfly da Pusherman, bes ɗin ne ke jan komai. Mai gangar hannu kuma Master Henry Gibson, shi ne wannan ƙaramin sautin da ke ta yawo a sama kamar ana zance, duk wanda ya taso yana jin kalangu da kotso kunnensa zai kama shi nan take. Su goge da ƙahonin busa kuwa Johnny Pate ne ya tsara su, tsohon gwani tun zamanin Impressions. Abin takaici bayan faifan nan suka ɓata, saboda Pate yana ganin ya cancanci a sa sunansa a marubutan kiɗan nan biyu da babu murya, Think da Junkie Chase, Curtis bai yarda ba.

Zee Gombe:
Ni dai kiɗan fim ɗin Shaft na fi so gsky, a yi min afuwa. Wannan farkon da kuge ke ta cas-cas-cas sannan jita ta shigo tana waka-waka, ko ba ka san fim ɗin ba sai ka ji kamar kai ne ke tafiya a titin New York.

Kawu Bala:
Ba laifi Zainabu, Shaft ai shi ya buɗe ƙofar. 1971 ne, Isaac Hayes na kamfanin Stax a Memphis, kuma ya ci kyautar finafinai ta Oscar da waƙar a 1972, shi ne baƙar fata na farko da ya ci a wannan rukunin na waƙa. Abin sha'awa, wanda ya ba da umarnin Shaft, Gordon Parks, ɗansa ne Gordon Parks ƙarami ya ba da umarnin Super Fly, uba da ɗa shekara ɗaya tsakani. Amma bambancin shi ne Shaft faifai biyu ne kuma yawancinsa kiɗa ne zalla na rakiyar fim, waƙar da ta shahara kuma kirari ce, ana wasa jarumi. Na Curtis kuwa ko ba fim zai tsaya da ƙafarsa. In kirari kike so ki je wa Hayes, in kuma maganar da za ta hana ki barci kike so ki zo nan.

Habu Mai Jita:
Masu kugen da jitar da Zee ke faɗa, Willie Hall ne da Charles Skip Pitts. Kuma maganar Oscar, Freddie's Dead ma an so a shigar da ita amma aka ce ba ta cancanta ba saboda a cikin fim ɗin kiɗanta kawai aka sa babu baitocin. Ku duba fa, waƙar da ta fi kowacce sukar ƙwaya, wanda ya shiga silima bai ji kalmominta ba sai in ya sayi faifai ko ya ji a rediyo.

Maman Ilham:
Toh ka gani Habu, da bakinka ka faɗa. Wa'azin yana shago ana sayarwa, tallar kuma tana kan allo.

Habu Mai Jita:
Na karɓa Anti, a cikin silima ke ce da gaskiya. Sai dai faifan ma ba ƙaramin shiga ya yi ba, sati huɗu yana na ɗaya a jadawalin Billboard a 1972, Freddie's Dead ta kai ta 4, Superfly ta kai ta 8. Kuma a kamfaninsa ya fitar, Curtom, wanda suka kafa shi da Eddie Thomas, a lokacin da yawancin mawaƙa baƙaƙe ba su mallaki ko baiti ɗaya na waƙarsu ba. Shi ya sa ba wanda ya isa ya ce masa ya sassauta harshe.

Ɗan Zongo Kumasi:
Salam jama'a, ina biye da ku tun safe. Bari in sa baki da abin da ya shafe mu nan Gana. An yi kashi na biyu na fim ɗin a 1973, Super Fly T.N.T., Ron O'Neal da kansa ya ba da umarni, labarin ya koma Rum da Afirka. Kiɗan wannan ba Curtis ya yi ba, Osibisa ne, ƙungiyar su Teddy Osei da suka kafa a Landan da 'yan Gana da 'yan Karebiyan. Fim ɗin bai yi kasuwa ba sam amma tsofaffinmu suna alfahari da faifan. Sannan Johnny Pate da Habu ya ambata shi ya yi kiɗan Shaft in Africa a shekarar, wanda aka ɗauka a Habasha.

Sadiq T/Wada:
Kai Yaya na gode, akwai Osibisa guda biyu a kwalin Baba amma ban duba ko wannan na ciki ba, zan duba anjima. Kawu shi Curtis ɗin yana raye?

Kawu Bala:
Ya rasu ɗana, ranar 26 ga Disamba 1999, yana da shekara 57. Ƙarshen rayuwarsa akwai jarrabawa. A watan Agusta 1990 yana shirin hawa dandali a wani wasan fili a Brooklyn iska ta taso ƙarfen fitilu ya faɗo masa, daga wuya zuwa ƙasa komai ya shanye. Mutumin da jita ce rayuwarsa bai sake riƙe ta ba. Duk da haka a 1996 ya fitar da wani faifan, New World Order, a kwance rigingine yake rerawa don ta haka ne kaɗai numfashi ke isarsa, layi ɗaya ya huta a ɗauki na gaba, daga baya a harhaɗa. Ranar da na ji wannan labarin na daɗe ban ce komai ba.

Zee Gombe:
Allah sarki. Ban san wannan ba wlh. Move On Up ma ashe tasa ce, ni a waƙar Kanye West na fara jin busar.

Habu Mai Jita:
Eh tasa ce, 1970, Kanye ya ɗauka ya sa a Touch the Sky. 'Yan rap sun ci abinci sosai a gonarsa, Ice-T ya ɗauki Pusherman a 1988 ya juya ta ya ce shi waƙa yake dillanci ba ƙwaya ba. Bob Marley ma One Love ɗinsa akwai People Get Ready a ciki, har sunan Curtis ke jiki. Sai dai a nan ma maganar Anti tana dawowa, don wasu 'yan rap ɗin hoton dilan suka ɗauka da motar da kwat ɗin suka bar gargaɗin a baya.

Maman Ilham:
Yawwa. Ni ban ce mutumin banza ba ne, yanzu da Kawu ya ba da labarinsa ma na ƙara ganin girmansa, kuma na yarda niyyarsa mai kyau ce. Abin da nake cewa in za ka ba yaro faifan nan ka zauna da shi ku ji tare ka fassara masa, kar ka miƙa masa fim ɗin ka tafi. Sadiq kana da ƙanne a gida?

Sadiq T/Wada:
Akwai biyu Anti, ɗaya yana aji biyar na sakandare, shi ne ma ya taya ni ɗaukar kwalin kuma tun jiya yake tambayata me mutumin ke cewa a waƙar Freddie. Fim ɗin ban nuna masa ba. Yaya Habu in ba damuwa ka turo min ma'anar baitocin da Hausa yadda zan iya yi masa bayani, don akwai kalmomin da ni ma suka wuce ni. Kawu kuma don Allah a ina zan samu allurar garmaho a Kaduna ko Kano? Akwai tsohuwar na'urar Baba a sito, wani mai gyaran rediyo ya ce in an samu allura da bel za ta tashi, ina so Hajiya ta ji shi daga faifan da hannun Baba ya taɓa.

Kawu Bala:
Ka duba lambar da ke jikin kan allurar ka turo min hotonta tukuna, ba kowacce ke shiga kowacce ba. Kafin nan ka samu ƙyalle mai laushi ka goge faifan a hankali kana bin zagayen layin, kar ka sa masa fetur ko sabulun wanki.

Habu Mai Jita:
Zan turo maka daren nan in Allah Ya yarda Sadiq, zan fara da Little Child Runnin' Wild don ita ce ta farko a gefen farko, sai Freddie ta biyo baya.